Kashin Giwa a Gonar Baiwa

Giwar da ta ɓato hanya, Allah kaɗai ya san daga wane daji, ba ta yi wa Baiwa ɓarnar a-zo-a-gani ba. Da hantsi ta ratsa gonarta ta wake a bayan garin Toranke, ta cinye kunya goma sha biyu, ta yi kashi, ta ƙara gaba. Baiwa tsohuwa ce mai riƙon jikoki uku, kuma gonar nan ce kaɗai abincinsu. Ta yi salati, ta ce abin da ya rage ma zai kai su rani.

Kafin azahar labari ya kai Ajingi, kafin la'asar ya kai Gaya. Wai hayaƙin kashin giwa na korar iska, wai ƙasar sawunta na sa yaro tafiya da wuri. Sai ga jama'a a kan babura, kowa da ledarsa. Masu haƙa na haƙa, masu waya na ɗaukar hoto, har wani marar kunya ya kafa baron rake a kan waken da ke tsakiyar fure.

"Ku ji tsoron Allah, abincin marayu kuke takawa!" in ji Baiwa.

"Haba Iya," wata mata ta ce tana cika kwano, "albarka ta sauka a gonarki, sai ki yi mana rowa?"

Kwana uku ana wannan rashin imani. Gona ta koma fili fetal, kamar inda aka ci kasuwa aka watse. Dagaci ya ba ta haƙuri, ya ce ana ba da tallafin hatsi ga wanda naman daji ya yi wa ɓarna, jami'i na nan tafe.

Ran na huɗu jami'in ya zo, wani Malam Ja'afar. Ya zagaya gonar yana kaffa-kaffa da takalminsa.

"Iya, ina sawun?"

Ta nuna masa ramukan da aka ƙwaƙule da fartanya.

"Kashin fa?"

"Sun kwashe, ɗan nan."

"To gaskiya ni sawun silifa da tayar babur kawai nake gani. Takardar nan ta ɓarnar dabba ce, ba ta mutane ba."

Ya ninke takardarsa, ya hau babur. Sai kuma ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Af, Iya, ko kin ɗan ɓoye ragowar kashin? Maiɗakina ta ce kar in dawo hannu rabbana."