Idon Labbo na Hagu

Motar da ta ɗauko Suwaiba daga Shinkafi ta yi kusan awa biyu tsaye a Moriki tana jiran rakiyar sojoji. An ce da safe an ga babura sun tsallaka titi, ga shi damina ce, dawa ta yi tsayin da za ta ɓoye mutum har da babur ɗinsa. Da motocin suka tashi a jere, ba wanda ya yi magana sai wata tsohuwa da ke ta salati ƙasa-ƙasa. Sai da aka hango gidajen Kaura Namoda direba ya kunna rediyo.

Ba don ƙanenta Labbo ba, da Suwaiba ba ta bar asibitin da take aikin jinya ta hau wannan hanya ba. Labbo ɗan damben zamani ne. A Zurmi ya fara da damben gargajiya, aka gan shi, aka tafi da shi Legas. Ya ci kambun duniya na masu nauyin kilo hamsin da bakwai, ya ƙara jiki ya ci na hamsin da tara. Yanzu saura mako uku ya tafi ƙasar waje neman na uku, na masu kilo sittin da ɗaya. Al'adarsa ce kafin kowane babban wasa ya zo ya yi mako guda wurin Innarsu, wadda ta dawo Kaura da zama tun da ƙauyensu na Zurmi ya tashi.

Ta iske gidan cike da masu zuwa yi masa fatan alheri. Sai bayan la'asar suka samu zama su uku a tsakar gida. Inna ta dama fura, ta ce Suwaiba ta miƙa masa. Yana zaune bisa tabarma yana ba Inna labarin jirgi, Suwaiba ta zo ta hagunsa ta miƙa kwanon. Bai karɓa ba. Kwanon na nan dab da kafaɗarsa, yana ta magana. Sai da Inna ta ce, "Labbo, amshi mana," ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya ɗan zabura, ya yi dariya ya karɓa.

Suwaiba ba ta yi dariya ba. Mutumin da ke ganin naushi tun bai baro kafaɗar mai shi ba, shi ne bai ga kwano ba.

Da Inna ta shiga ɗaki, ta ce masa, "Taso mu tahi zaure."

"Lahiya, Yaya?"

"Taso dai."

A zaure ta tsayar da shi gabanta. Ta ce ya rufe idon dama da tafin hannu, ya kalli hancinta. Ta miƙa hannu can gefensa na hagu, yatsunta a dunƙule.

"Nawa ne?"

"Biyu."

Ba ta ɗaga ko ɗaya ba tukuna. Ta sauke hannun a hankali.

"Tun yaushe?"

Ya cire hannunsa daga ido, ya leƙa ƙofar gida, ya dawo. "Kwana goma sha bakwai. Wurin atisaye wani yaron Ghana ya same ni nan." Ya taɓa saman girarsa. "Da hwarko walƙiya nika gani, da wasu baƙaƙen abubuwa awa ƙudaje. Yanzu kuma kamar an sako labule daga gehe. Amma tsakiya ras nika gani, Yaya. Wallahi ras."

"Labulen yana nan inda yake, ko yana matsowa?"

Ya kau da kai.

"Labbo."

"Ya ɗan matso."

Ta zauna bisa dakalin zauren. Ta san abin. Tantanin da ke bayan ido ne yake ɗayewa. Ta taɓa ganin wani manomi da saniya ta haura, ya tsaya sai ya gama girbi, da ya zo asibiti ba abin da ya saura a idon. Ta faɗa wa Labbo haka, ba ta rage komai ba. Ta ce aikin ido yake bukata cikin makon nan, ba bayan wasa ba.

"Likitocinku ba su gani ba?"

"Wata huɗu ke nan da anka yi babban gwajin, takardu sun tahi. Ranar awon nauyi fitila kawai za su haska su ce in bi yatsa. Wanga zan iya." Ya durƙusa gabanta, ya rage murya. "Yaya, turmi sha biyu ne. Minti talatin da shida. Shekara huɗu ina jiran su ba ni wanga wasa. In na ce ban da lahiya, wani za su ba, kuma shekaruna talatin da uku. In na dawo, ki kai ni duk asibitin da kika so. Don Allah kada Inna ta ji. Kada kowa ya ji."

Ba ta yi masa alkawari ba, ta tashi ta koma cikin gida.

Washegari da hantsi ta bi shi wurin atisaye. Wani tsohon sito ne na gyaɗa kusa da tashar jirgin ƙasa, an share shi, an ɗaura igiyoyi huɗu, an rataye buhun yashi. Baba Gado ne ke riƙe da wurin, tsohon ɗan dambe da ya fara ɗaura wa Labbo zare a hannu tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Ko da Labbo ya samu masu horarwa na Legas da na Turai, in ya zo gida wurin Gado yake zuwa.

Labbo na tsallen igiya can ƙarshen sito, ta matsa kusa da tsohon ta gaishe shi.

"Baba, mutumen da za su kara da shi, da wane hannu yaka kisa?"

"Da dama, ɗiyata. Ba kai tsaye ba, zagayowa takai ta gehe. Mutum ashirin da ɗaya ya kayar da ita." Ya dube ta da kyau. "Mi ya sa kika tambaya?"

"Ka ɗan gwada shi ta nan."

Gado bai sake tambaya ba. Ya sa safar dambe, abin da ya daɗe bai yi ba, ya kira Labbo cikin igiya. Labbo ya dubi yayarsa, fuskarsa ta canza, amma ya shigo.

Tsohon ya kai hagu, Labbo ya goce. Ya kai dama kai tsaye, ya goce. Ya sake hagu biyu a jere, duk iska ya samu. Sai ya ɗan matsa gefe, ya zagayo da dama a hankali, irin naushin da ko mai koyo zai kauce wa. Ta sauka a kunnen Labbo, tas.

"Santsi ne, Baba. Sake."

Ya sake. Tas.

Karo na uku Labbo ya karkatar da kai yana neman hannun da idon dama, ya bar haɓarsa a buɗe. Gado bai ma kai naushin ba. Ya tsaya, ya cire safar da haƙori, ya yar.

"Ni da nike da shekara sittin da bakwai na same ka sau biyu," in ji shi. "Wancan yaron gawarka za ya aiko muna."

"Zan canza tsayuwa. Zan riƙa zagayawa dama, in rufe hagu da hannu. Mako uku ya isa."

"Bai isa ba."

"Ya isa, Baba! Kai ka koya man cewa ba a hita fage don ciwo."

"Ciwon hannu nika nuhi, da na haƙarƙari. Ban ce ido ba."

Labbo ya ce duk su faɗi abin da za su faɗa, jibi zai koma Legas. Gado ba shi da ikon hana shi, shi ma ya sani. Ya zauna bisa benci ya riƙe kai.

Suwaiba ta ciro waya. Tana da lambar likitar tawagarsa tun bara, lokacin da Labbo ya yi zazzaɓi a gida suka riƙa magana. Ta fara rubutu tana tsaye: ranar da abin ya fara, walƙiyar, labulen, gwajin yatsu.

Labbo ya tsallako igiya. "Wa kika rubuta ma?"

"Dakta Khadija."

Ya tsaya taku biyu daga gare ta, safar na hannunsa, zufa na ɗiga daga gemunsa. In ya so ƙwace wayar, kafin ta ƙifta ido ya ƙwace. Ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Yaya, in kin aika, an gama. Dole ta gaya ma hukuma. Ba kambu na uku kaɗai ba, har wanda ke hannuna sai sun amshe."

"Na sani."

"Ba ki sani ba! Ke kin san abin da na ci kahin in kai nan? Kin san shekara nawa na kwana ƙasan benci a Legas?" Ya matso taku ɗaya. "In kin aika, ba ni ba ke. Na rantse."

Ta dube shi. Idon hagun lafiya lau yake a gani, fari tas, ba ja ba kumburi. Ta ji kamar ta goge saƙon. Idan ya yi sa'a fa? Idan ya gama da mutumin a turmi na biyu, ya dawo da kambu uku, duk Zamfara ta fito tarbarsa, ita ce za ta zama wadda ta so ta hana. Ta dubi Gado ko zai ce wani abu. Tsohon bai ɗago ba.

Ta danna.

Labbo ya ji ƙarar tafiyar saƙon. Bai yi ihu ba. Ya miƙa wa Gado hannuwansa, tsohon ya kwance masa safar, ya ɗauki rigarsa ya fita. Ba a yi minti goma ba suka ji wayarsa na ta ƙara daga cikin jakar da ya bari.

Kwana uku bayan haka aka yi masa aiki a wani asibitin ido a Kano. Gado ne ya raka shi, don Labbo ya ce in Suwaiba ta shiga motar shi zai fita. Likitan ya ce saura ƙiris ɗayewar ta kai tsakiyar ido. Kwana goma ya yi kwance rub da ciki, fuska ƙasa, kamar yadda aka umarce shi. An ba wani ɗan dambe wasan, kuma wanda aka ba ɗin ya kayar da mai naushin damar nan a turmi na tara ya ɗauke kambun. Kambun Labbo na biyu ma aka ce ya ajiye tun da ba zai iya kare shi ba.

A Kaura magana ta rabu biyu. Wasu sun ce yayarsa ta cece shi, wasu sun ce baƙin ciki ne irin na 'yan'uwa. Inna ta yi kuka, ta yi wa Suwaiba addu'a, sannan ta yi mata faɗan ɓoye mata da aka yi. Labbo kuwa wata biyar bai ɗaga wayarta ba.

Wata Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, asibiti ya cika. Suwaiba na auna jinin mutane ɗaya bayan ɗaya, ta ce na gaba ya shigo. Sai ga Labbo ya shigo da tabarau, ya yi ƙiba kaɗan, ya zauna ya naɗe hannun riga ya miƙa mata dantse. Ta ɗaura masa abin awon.

"Lahiya lau yake," ta ce da ta duba.

"Na sani." Ya sauke hannun rigar. "Ban huce ba, Yaya. Kada ki ɗauka na huce."

"To."

"Likita ya ce in koma Kano, za ya duba ya hwaɗi ko zan sake dambe ko ba zan sake ba. In ya ce eh, zan koma neman na sittin da ɗaya. Za ki sake tare ni?"

"In ya ce eh da bakinai, ina zaune ina ji, ba ruwana."

Ya kalli layin da ke jira a ƙofa.

"Talata ce," ya ce. "Ƙarhe bakwai mota ka tashi daga Kaura. Ki nemi izini wurin aiki."

Ya miƙe ya ba wata mai goyo kujerar.