Belin da Kafinta Ya Roƙa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ba a ɗage zaman hukuncinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe, ya gyara rigarsa. "Ya mai shari'a, kafin a fara sauraron shaidu, muna roƙon a ba da belin wannan matashi."

A benci na biyu Kafinta yana jan carbi. Duk wanda ya gan shi zai ɗauka roƙo yake kada a saki wanda ya daɓa wa ɗansa wuƙa. Alhali sakin yake roƙo. Gudumarsa tana ƙarƙashin sirdin babur a bakin kotu, kuma ya san lungun da dangin matashin za su bi da shi.

Ƙaninsa ya raɗa masa, "Yaya, kwantar da hankalinka, ba za a ba shi ba."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Kafinta. Ƙanin ya saki baki yana kallonsa.

Lauyar gwamnati ta tashi. "Ba mu amince ba, ya mai shari'a. Wani daga gidan mamacin ya tabbatar mana cewa in matashin nan ya fita yau, ba zai kwana da rai ba."

Alƙali ya hana beli, ya ɗage zama.

Dangi suka yi ta yi wa Kafinta barka, shi kuwa zuciyarsa na tafasa. Mutum ɗaya ne ya ga ya ɗauki guduma bayan asuba. Da ya fito, ya tarar da matarsa tsaye kusa da babur ɗinsa.

"Ke ce?"

"Ni ce, Malam."

"Makashin ɗanki kika kare?"

"Allah ya isa tsakanina da shi har gaban abada. Amma wanda na haifa yana cikin ƙasa, ba zan koma kai wa ubansa abinci gidan yari ba. So nake ranar da za a yanke masa hukunci kana zaune kusa da ni, ya ɗago ya gan mu."

Kafinta ya ɗaga sirdi, ya daɗe yana duban gudumar.

Ta ce, "Ƙyauren ɗakin marigayi ya ɓalle tun ranar da aka fitar da gawarsa."

Ya mayar da sirdin. "Hau mu tafi."

Allah ya jiƙan yaron nan da sauran mamatanmu. Mai karatu, Allah ya riƙe hannunka ranar da fushi ya fi ƙarfinka. Amin.