Yatsun da Lubabatu ta Ƙunsa

Duk ƙauyen nan na cikin Gaffati ba macen da ba ta san hannun Lubabatu ba. Ita ke ƙunshi, ita ke kwaɓa lalle da gishirinsa har yatsa ya yi baƙi wuluk, ya yi wata guda bai koɗe ba. Ranar Juma'a aka yi sunan jikan mai gari, ta ƙunsa mata talatin da takwas, har da uwarta, Inna Ummul Khairi, wadda ta ce tunda jibi za ta jefa ƙuri'a karon farko a rayuwarta, to da hannu mai kyau za ta je. Tsohuwar ta kai saba'in. Bana ne kawai ta samu katin zaɓe, bayan ta taka har sau uku zuwa wurin rajista.

Lahadi da hantsi mata suka jeru a bakin lakwal, wato makarantar boko, inda aka buɗe biron zaɓen kansiloli. Shugaban biron, Mushe Rashid, malamin makaranta ne daga Zinder, shi ya sa ake ce masa Mushe, mutum mai tsoron takarda fiye da kima. Mace ta farko ta miƙa katinta, sai Modu, wakilin wata jam'iyya, ya yi zumbur ya miƙe. Modu kuwa ya san sarai inda ƙuri'un matan nan za su faɗa, kuma ba wajensa ba ne.

"Mushe, dubi yatsanta. Wa ya san ko akwai tawada ƙarƙashin baƙin nan? Kuma in ka sa mata yanzu, wa zai gani? Sai ta zagayo ta sake."

Mushe Rashid ya san lalle, matarsa ma tana yi. Amma ya juya takardarsa gaba da baya, bai ga inda aka yi maganar lalle ba, sai ya ce duk mai baƙin yatsa ta koma gefe.

Haka aka kore su, mutum talatin da takwas. Wasu suka yi tsaki suka nufi gida, don surfe na jiransu. Inna Ummul Khairi ta koma gefe. Ta ɗaure katinta a bakin zane, ta sunkuyar da kai ta tafi.

Ran Lubabatu ya ɓaci ƙwarai, ga kunya kuma, don aikin hannunta ne aka mai da sanda aka doki mata da shi. Ta kutsa cikin ajin, jandarman da ke bakin ƙofa yana "ke, ke," ko waiwaye ba ta yi ba.

"Mushe, wannan listar da ke gabanka, ta mece ce?"

"Duk wanda ya jefa, yana dangwala yatsa gefen sunansa."

"To duba sunana. Na dangwala?"

Ya duba. Wurin fari tas.

"Ka ga ke nan ban jefa ba. Saura maganar zagayowa. Dokarku yatsa take so, ko alamar da za a gani?"

Ta janye hannun rigarta, ta nuna cikin tsintsiyar hannunta, inda fata ke da haske. Ta ce shekara ashirin tana aiki da fatar mutane, ta san inda launi ke kamawa, in aka sa tawada a nan, ko da sabulu aka kwana ana darza ba za ta fita ba. Modu ya ce ba a taɓa yin haka ba. Lubabatu ta ce shi ma ba a taɓa jin ya damu da yatsun mata ba sai yau. Aka kwashe da dariya, har jandarman.

Mushe Rashid ya fita neman reson waya, ya kira na gaba da shi, aka bar shi yana jira. Sai bayan azahar aka ce masa in sauran wakilai sun yarda, ya yi. Uku suka yarda, Modu ya kumbura shi kaɗai.

Amma fa mata sun watse, kuma ƙarfe shida za a rufe. Lubabatu ta ɗaura ɗamara ta bi su gida gida. Wata ta tarar da ita bakin turmi, ta karɓe taɓaryar daga hannunta. Wata mijinta ya ce ta riga ta fita sau ɗaya, ya isa, Lubabatu ta durƙusa ta gaishe shi, ta ƙi tashi sai da ya gaji ya ce su je. Biyu sun tafi rijiya can bayan gari, ta bi su da gudu. Gidansu ta bari a ƙarshe, don ta ɗauka uwarta ba ta da wuyar kira.

Ta shiga da sallama, ba a amsa ba. Ta tarar da tsohuwar a bayan ɗaki, zaune gaban kasko, ga toka, ga dutsen goge kaushi. Tun safe take dirzar yatsunta. Baƙin bai fita ba, fatar ce ta fita, ruwan kaskon ya yi ja.

"Inna! Me kika yi haka?"

"Sun ce hannuna ne bai yi ba, 'yar nan. Na ce bari in gyara musu kafin su tashi."

Lubabatu ta yi kuka a wurin, kukan takaici. Sannan ta share idonta, ta yagi tsumma za ta ɗaure yatsun, sai ta fasa. Ta kama uwarta suka fito.

Saura minti goma a rufe suka isa. Mushe Rashid ya karɓi katin, ya kai hannu zai kama yatsan ya dangwala a lista, sai ya ga abin da ya kama. Ya saki a hankali. Modu ya mai da idonsa kan allo.

"Kar ka saki, Mushe," in ji Lubabatu. "Dangwala mata. In ta jefa kuma, ka ɗauki takardar rahotonka ka rubuta abin da ya faru yau, daga farko har ƙarshe, a kai wa masu rubuta dokar su san akwai mata a ƙasar nan masu lalle. Ba na barin ɗakin nan sai ka karanta mini."

Ya jawo takardar, ya tambayi tsohuwar cikakken sunanta.