Mutumin Da Ɗandije Ya Ƙera

A tashar Filinge, in direba ya ce yana da laya a ƙarƙashin kujera, ba wanda zai ɗaga ido. In ya ce aljana ta tare shi a hanya da farin zane, sai a gyara masa benci a ce ya ƙaro bayani. Abu ɗaya ne ba a taɓa ji ba sai a bakin Ɗandije, kuma shi ya kusa raba shi da tuƙi: ya ce yana da abokin hira wanda ba a gani, kuma shi ya yi shi da kansa.

Shekara ashirin da biyu Ɗandije yana jan mota mai kujera goma sha tara tsakanin Filinge da Yamai. Wata rana cikin damina, da rana tsaka, gyangyaɗi ya sace shi bayan an wuce Bonkuku. Motar ta sauka daga kwalta ta kutsa gonar gero, ba ta tsaya ba sai da karan geron ya ga dama. Allah ya kiyaye, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Ya ce wa kowa sitiyari ne ya ƙwace, aka yarda, domin sitiyari ba ya da bakin musu. Shi kaɗai ya san gaskiya, kuma ta hana shi sakat.

Fasinjan Kurfai kuwa, wato mutanen ƙasar Filinge, in ana lodi, sai ka rantse ba za su yi shiru ba har Makka. Amma da an wuce shingen jandarma kowa zai jingina da kafaɗar maƙwabcinsa, mutum goma sha takwas su miƙa wa mutum ɗaya rayukansu su hau minshari. Ɗandije ya gwada goro, ya gwada shayi mai ɗaci, ya gwada rediyo har ya haddace sanarwar rasuwa ta jiha guda. Duk a banza. Abin da yake so shi ne mutum mai gardama, domin ya lura ba a taɓa yin barci ana tsakar musu ba.

Da bai samu ba, sai ya ƙera. Ya ɗauki wata uku yana haɗa shi kaɗan-kaɗan, kamar mai gyaran inji. Ya ba shi suna Nafi'u. Ya ba shi tumbi, da wushirya, da 'yar murya mai ban haushi. Ya zaunar da shi a kan murfin inji, tsakanin direba da fasinjan gaba, wurin da ko kaza ba za ta sake ba. Sannan ya ba shi babban aibi: Nafi'u yana goyon bayan 'yan kokowar Tawa a kan na Tilaberi, jihar su Ɗandije. Da farko Ɗandije ne ke yin tambaya ya kuma ƙago amsa. Wata rana, wajen Baleyara, ya ce damina ta yi kyau bana, sai ya ji an ce masa, "Ga wa? Kai da ko kuyya guda ba ka noma ba?" Bai shirya wannan amsar ba. Ya yi dariya har hawaye, kuma daga ranar ko hamma bai ƙara yi a hanya ba.

Shekara huɗu suna haka, cikin raɗa, ba wanda ya sani. Ɗandije ya san sarai Nafi'u ba mutum ba ne, ba aljani ba ne. Amma yana son sa, irin son da ake yi wa abokin da ba ya taɓa bari ka yi gaskiya.

Asiri ya tonu ne a lokacin kokowar takobi, gasar da jihohi ke karawa duk shekara. Musu ya yi zafi, Ɗandije ya manta inda yake, ya buga sitiyari ya daka tsawa: "Ƙarya kaka yi, Nafi'u! Aradu ƙahwa yar riƙe mai!" Rashin sa'a, wata 'yar kasuwa a kujera ta biyu ba ta yi barci ba, kuma wayarta na hannu. Kafin motar ta isa Yamai, mutanen Filinge sun gama kallon direbansu yana zagin murfin inji.

Washegari Alhaji Abdurrazak, shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, ya kira shi ƙarƙashin rumfar tasha. Alhaji ne ke riƙe da layi, wato shi ke faɗin motar da za ta yi lodi da wadda za ta jira. Wanda ya cire daga layi, sai dai ya mai da motarsa akurkin kaji. Direbobi suka kewaye su, kowa fuska cike da tausayi, kunne kuma a buɗe.

"Ɗandije, kak ka ji kumya," in ji Alhaji. "Abin ga shina samun kowa. Ina yat tare ka? Gindin tsamiya ko bakin rijiya?"

"Alhaji, ba wanda yat tare ni. Ni niy yi shi."

"Kai kay yi wa?"

"Nafi'u. Cikin kaina niy yi shi, don kar in yi kwana bisa hanya."

Wani direba da ke daura da Ɗandije, wanda kowa ya san ba ya tada mota sai ya fasa ƙwai a gaban taya, ya ja jikinsa gefe a hankali. Da Ɗandije ya ce aljanu bakwai ke bin sa, da an ba shi shayi. Amma mutum ya zauna lafiya lau ya ƙirƙiri wani mutum, har da wushirya? Wannan ai taɓuwa ce.

Alhaji ya yanke hukunci. In iska ne ko aljani, abu ne sananne, yana da suna, yana da magani, Ɗandije zai ci gaba da lodi. In kuwa ya dage shi ya yi shi, to sandika ba ta ba mahaukaci rayukan mutane. An ba shi kwana bakwai ya kawo sunan abin da ke tare da shi.

Aka fara da Malam Saminu, mai ruƙiyya. Malam ya yi karatu kwana uku a kunnen Ɗandije, 'yan kallo cike da zaure suna jiran ihu. Ihu bai zo ba. Abin da Ɗandije ya ji kawai shi ne Nafi'u yana cewa karatun Malam ya fi na limamin unguwarsu daɗi. A rana ta uku Malam ya rufe littafi, da yake mutum ne mai tsoron Allah, ya faɗi gaskiya: "Bawan Allah ga ba shi da aljani ko guda." Hamida, matar Ɗandije, ta fashe da kuka. A tarihin garin ba a taɓa yi wa iyali albishir mai muni irin wannan ba.

Daga nan gari ya ɗauka. Mai nama ya riƙa miƙo masa tsire daga nesa. A masallaci sahu ya riƙa samun 'yar ƙofa a dama da hagunsa. Mutanen da shekara huɗu suna barci lafiya a bayansa suka fara tuno cewa dama sun lura idonsa ba daidai yake ba.

Rana ta shida Hamida ta ce wa mijinta, "Malam, ka bari gardama. Gero ya kusa ƙarewa. Mu tahi wurin Inna Baraka."

Inna Baraka tsohuwa ce, uwar 'yan bori a wani ƙauye gabas da gari. A wurinta, in iska ya kama mutum bai faɗi sunansa ba, akan zaunar da mutumin a tabarma, mai goge ya riƙa jan kiɗan iskoki ɗaya bayan ɗaya. Kowane iska da nasa kiɗan, kuma wanda ke kan mutum ba ya jin nasa ya daure. Aka sa la'asar ɗin rana ta bakwai. Rabin tasha ta zo. Alhaji Abdurrazak, wanda kullum ke cewa bori shirka ne, shi ma sai ga shi a bayan darni, wai hanya ce ta biyo da shi zai duba wani rago.

Mai goge ya fara, masu ƙwarya suka amsa. Aka ja kiɗa na farko, Ɗandije yana zaune kamar mai jiran aski. Aka ja na biyu, na biyar, na goma. Wata mata cikin 'yan kallo, da ba don ita aka taru ba, ta faɗi ta hau birgima, aka janye ta gefe. Shi ko ɗan yatsa bai motsa ba. Nafi'u na zaune a gefen tabarmar, ya miƙe ƙafa, yana cewa tsirkiyar gogen ta saki.

Inna Baraka ta ɗaga hannu aka dakata. Ta tsuguna dab da shi kamar za ta shafa masa magani, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗana, tun shigowarka nis san babu kowa bisa kanka. Naka na, kai kay yi abinka."

Ɗandije ya ji wani sanyi a ƙirjinsa. Kwana bakwai, sai yau wani ya yarda da shi.

"To Inna, ki hwaɗa musu."

"In hwaɗa musu su aje shi ina? Mutanen ga ba su ɗaukar abin da ba su iske wurin kakanninsu ba. Yanzu za a ja kiɗin Babule, masu kayan soja. Cikinsu akwai direba. In kana son layinka, ka san abin yi. In ba ka so, tashi ka kaɗe rigarka, ni ban riƙe ka ba."

Ta koma wurinta. Mai goge ya gyara zama.

"Kak ka yi," in ji Nafi'u. Karo na farko babu tsiya a muryarsa. "Wata ukku kay yi kana gyara ni. Wushiryag ga ma kai kaz zaɓe ta. In ka hwaɗi ƙasa ka ce wani na ni, to wancan shi riƙa yi maka hira."

Ɗandije ya dubi Hamida, ta haɗa hannu a ƙirji. Ya dubi darni, ya hango hular Alhaji. Ya tuna motarsa da kwana bakwai tana tsaye a rana, awaki na kwana a inuwarta. Kiɗan ya tashi da ƙarfi, irin na maci. Ɗandije ya rufe ido, ya miƙe zumbur, ya ƙame, ya buga ƙafa, ya kama sitiyarin da babu shi ya hau murzawa yana gurnani kamar mota a yashi, sannan ya zube. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Guɗa ta tashi ta ko'ina.

"Ai na hwaɗi!" in ji mai fasa ƙwai. "Mutum kamar Ɗandije shi haukace haka kawai?"

Kafin magariba an wanke shi tas. Ashe lafiyarsa lau, iska ne kawai ke hawansa yana tuƙi da mutum goma sha takwas a baya. Hankalin kowa ya kwanta. Alhaji ya mai da shi layi, ya ƙara da cewa shi dai ba ruwansa da shirka, amma surukarsa za ta Yamai jibi, a ajiye mata kujerar gaba.

Ranar da ya koma aiki motarsa ta cika kafin ya gama shan shayi. Wa zai ƙi motar da direba biyu ke ja, ɗaya ma soja? 'Yar kasuwar nan da ta ɗauke shi a waya ta kawo jar hula sabuwa irin ta Babule, ta ɗora a kan murfin inji da hannu biyu, ta ɗan rusuna. Wani ya ajiye goro a gefenta.

Aka wuce shingen jandarma, kawuna suka fara langaɓewa. Ɗandije ya saci kallon murfin inji, ya ce a hankali, "Nafi'u." Bai ga komai ba sai jar hula. Ya yi ƙoƙarin tuno tumbin, da wushiryar, sai kiɗan gogen ya riƙa shiga tsakani. Ya ce 'yan kokowar Tawa duk ragwaye ne, ba a tanka ba. Ya ce damina ta yi kyau bana. Har ya sauko ya ce to ya yarda, ba a riƙe ƙafa ba, kayen Tawa mai kyau ne, maganar da shekara huɗu bai taɓa faɗin irinta ba. Inji kawai ke ƙugi.

Bayan Bonkuku, daidai gonar nan, ya ji idonsa ya yi nauyi, ya yi hamma ta farko cikin shekara huɗu. Tsoro ya kama shi. Ya gangara gefen hanya, ya tsaya a inuwar wani gawo, ya kashe mota. Ya kifa goshi a kan sitiyari, kewar abokinsa ta taso masa, ya kasa riƙe ta. Kafaɗunsa suka hau rawa.

Tsayawar ta farkar da fasinja. Wani daga baya ya fara tambayar ko taya ce ta yi faci. Surukar Alhaji ta waiwaya ta harare shi, ta nuna jar hular da haɓa.

"Ku yi kurum," ta ce cikin raɗa. "Ba ku gani suna magana?"