Ƙura Ba Ta Tafiya

"Kai ne. Kai ka ɗora mini laifinka, kuma kana tsaye a bakin ƙofar nan aka karɓe makullai daga hannuna."

Haka Goggo mai shara ta faɗa da hantsi, a tsakiyar ofishin masu duba sama, yatsanta a saitin ɗan ƙanenta, Dogo. Ma'aikata biyar ne a ɗakin, kowa ya juyo. Shi kuwa Dogo, da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ƙaton mutum da gemunsa da digirinsa biyu, sai murza igiyar katin aikinsa yake yi.

Aikinsa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. A saman ginin akwai na'urar hangen nesa, tana ɗaukar hoton wuri ɗaya a sama har sau huɗu, da 'yar tazara. Taurari suna nan inda suke. Duk ɗigon da ya gusa, kwamfuta ta zagaye shi, da safe Dogo ya tantance. In dutse ne mai yawo a sararin samaniya, a sanar da sauran tashoshi su bi sawunsa. In datti ne, a zubar. Wata ranar Talata ya danna maɓallin "datti" ya fi sau ɗari uku, shayinsa ya huce, ido ya gaji. Wani ɗigo ya zo dishi-dishi. Yatsa ya riga ido.

Ashe dutse ne, girman motar haya, ya bi ta kusa da duniya har ƙasa da inda wasu taurarin ɗan'adam ke shawagi. Allah Ya kiyaye, bai taɓa kowa ba. Bayan kwana biyu wata tasha a wata ƙasa ta hango ƙeyarsa, ta aiko da tambaya: na'urarku wurin take kallo, me ya hana ku magana?

Shugaba ya kira Dogo. Dogo bai shirya ƙarya ba, ita ta kawo kanta bakinsa, ya ce wataƙila ƙura ce a gilashin. Shugaba ya tambayi wanda ke share ɗakin sama. Dogo ya yi shiru, shirun nan kuwa shi ya kori Goggo, matar da ta goya shi bayan rasuwar uwarsa.

Takarda suka ba ta, ita da ba ta karatu. Ta kai wa maƙwabciya, aka karanta mata a tsakar gida, matan haya na shanya suna saurare. Wai sakaci. Kwana uku Dogo yana dawowa yana cin abincinta, yana ɓoye mata gaskiya. Sai mai gadi ne ya tsegunta mata daga bakin da zancen ƙura ya fito.

Yau da muryarta ta cika ofishin, Shugaba ya fito yana gyara tabarau, ya roƙe ta su shiga ciki a yi magana a tsanake. Ta ce a fili aka zubar mata da mutunci, a fili za a kwashe shi. Ta tuna masa layin fenti rawaya da ya kewaye na'urar. Shekara goma sha tara tsintsiyarta ba ta tsallaka shi ba. Takan hango yanar gizo-gizo a can ciki, abin yana cin ranta, ta juya da bokitinta.

"Yallaɓai, ban yi boko ba, amma ina da kunne. Wannan da bakinsa ya faɗa mini, ina goge ƙarƙashin teburinsa: ƙura a gilashi take, kowane hoto tana wuri ɗaya. Dutse ne ke tafiya. Ko ba haka ka ce ba, likitan taurari?"

Dogo ya gyaɗa kai, bai ɗago ba.

Ta ce a buɗe hotunan. Shugaba ya yi tari, don shi kansa bai taɓa buɗe su ba. Matar da ke lissafin hanyar duwatsu ce ta jawo su kan allo. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ga ɗigon nan yana rarrafe daga hagu zuwa dama. Goggo ta bi shi da yatsa, amma ba ta taɓa allon ba. Sabo ne, ba a taɓa gilashi. Wannan ya fi komai ƙona Dogo.

A ƙasan hoton akwai harafin farko na sunan wanda ya tantance. Harafi ɗaya tak ta sani a duniya, wanda ta ɗinka da jan zare a jakar makarantar Dogo, shi ne kuwa a nan.

Dogo ya buɗe baki, ya ce, "Goggo, ki yafe..."

"Yafiya ta gida ce, za mu je gidan. Nan amsa na zo karɓa." Ta ajiye takardar a kan teburinsa, duk ta yamutse. "A rubuta wata, Yallaɓai ya sa hannu, kai kuma ka tsaya a tsakar gidanmu ka karanta matan nan su ji. Amma tukuna ɗaga kanka. Ka dubi mutanen nan ka faɗa musu: wa ya danna?"