Rumbun da Ya Tashi a Bangon Inna Fatsuma

Bayan sallar isha'i mutanen ƙauyen Boko suka ji wani gurnani daga gidan Inna Fatsuma. Ba kukan saniya ba ne, bai kuma yi kama da na kura ba. Kamar dai ƙaton ciki ne ke kukan yunwa. Nagoggo maƙwabci ya fito da sanda, sai ya tarar da Sagir durƙushe, ya cusa baki cikin tulu yana huci, wayarsa na ɗaukar sautin.

"Muryar rumbu ce, Baba," in ji Sumaiya, jikar Inna, ranta a ɓace. Ta riga ta gaya wa Sagir ya bari sai da rana.

Su biyun ɗalibai ne a wata makaranta a Katsina, inda ake koyon fim ɗin zane mai motsi. Sagir ɗan kawunta ne daga Kankia. Labarin na Sumaiya ne: wani rumbu ya gaji da zama ba hatsi, ya miƙe a kan duwatsun da aka ɗora shi, ya kama hanya. Ran Litinin za su nuna wa malami zanen kowane fage a jere. In bai gamsu ba, zai watsar da rumbun, ya haɗa su da rukunin masu fim ɗin wanke hannu da sabulu. Sumaiya ta gwammace ta yi zazzaɓi.

Takarda ta yi mata kaɗan, don haka ta ɗauki gawayi ta bi dogon bangon gidan tana zanawa. Mutum na tafiya, labari na tafiya. Sai dai bangon na kallon hanya, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya.

"Wanga rumbu na dawa ne ko na gero?" in ji Nagoggo.

"Babu komai a ciki, Baba."

"To mi ya sa ya yi ƙiba haka?"

Masu tallar nono suka ce a sa masa ɗan kunne. Wani mai babur ya ce in har rumbun Kankia zai nufa, ya bi ta Kafinsoli. Sumaiya ta ciji leɓe ta ci gaba. Kullum sai ta ce, "Sagir, ɗauki hoton bangon nan." Kullum sai ya ce wayar ta cika da sauti, gobe zai rage. Tata wayar kuwa gilashin hotonta ya daɗe da tsagewa.

Ran Asabar suka tafi Kusada ɗaukar ƙarar injin niƙa, wai ita ce numfashin rumbu in ya gaji. Suna can hadarin farko ya leƙo ta gabas. A gidan Inna kuwa, ranar da aka ga hadarin farko ranar ake yaɓe, tun zamanin marigayi mijinta. Ba a shawara, ba a jiran kowa. Kawu Haladu, ɗan Inna da ke zaune a gidan, ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya faro daga ƙarshen bango.

Da suka dawo, rabin labarin ya shige ƙarƙashin laka. Rumbun ya fita daga gida, ya tsallake rijiya, daga nan sai sumul.

"Kawu! Ba ka ga zane ba?"

"Na gani mana, ɗiyata. Har na ce wa Inna ya yi kyau."

"Shi ne ka shafe?"

"To ruwa zai bar shi ne? Bangon zai ci, ya haɗa da zanen."

Ta juya ga Sagir. Ya ɗaga wayar a hankali, ya danna, gurnanin tulu ya fito. Ta runtse ido don kada ta jefe shi da takalmi. Ta dafa bangon, sai tafinta ya nutse. Ta janye hannu ta tsaya tana kallon gurbin yatsunta, yadda rana ta cika shi da inuwa.

Ta tsinci kara ta fara zanawa a cikin ɗanyar lakar. Rumbun ya fito da kauri, da gashin ciyawa a jiki, kamar shi ma da ƙasar aka gina shi. Gawayi bai taɓa ba ta haka ba.

"Yarinya, ki bar min yaɓe!" Haladu ya ɗaga murya.

"Ƙyale ta," in ji Inna daga ƙofa. "Ai ba huda shi ta yi ba."

Laka na bushewa, Sumaiya na tsere da ita. Ta yar da fagen kasuwa, ta yar da faɗa da iska, duk babu lokaci. A ƙarshen bango ta zana rumbun a bakin gonar wasu, yana waiwayen gida. Karan ya ƙi shiga kuma. Nan ta tsaya.

"Goge ƙarar injin niƙan nan," ta ce wa Sagir. "Goge carar zakaran da ka ɗauka ma. Tulun kaɗai za ka bari. Ka ɗauki hoton bangon yanzu, ina tsaye."

Ya ɗauka, fage bayan fage, ita tana duba kowanne. Abin nuna wa malami ran Litinin dai ya samu.

Nagoggo ya bi bangon tun daga farko, hannu a baya, har ya ƙure. Ya leƙa bayan kwanar bangon ko da saura.

"To wai shi rumbun," ya ce, "in aka yi girbi zai dawo kuwa?"

Haladu ya ci gaba da wanke hannu. Sagir ya dubi Sumaiya. Ita kuwa tana goge laka daga farcenta.