Akwatin da Ba a Taɓawa

Ranar da akwatin ya iso makaranta, Malama Zuwaira kamar ta yi guɗa. Wata ƙungiya ce ta tara malaman aji ɗaya na ƙauyukan Zango a Daura, ta yi musu bita a kan koyar da yara da hannu: yaro ya taɓa, ya jera, ya rushe, ya sake jerawa, kafin a ce masa ya rubuta. Da aka gama sai aka aika wa kowace makaranta akwati cike da 'yan katako masu launi da haruffan roba. Nasu a bayan babur ya zo. Hedimasta Malam Mainasara ya buɗe ya leƙa, ya ce masha Allah, ya mayar ya rufe, ya tura shi kabad ɗin ofis, makulli ya shige aljihu.

Shi Malam Mainasara yayan mijin Zuwaira ne. Shi ya zaunar da ƙaninsa Munzali ya yi ta lallashi har ya yarda matarsa ta fita koyarwa, da sharaɗin tana ƙarƙashin idon Yaya. Ka ga ba mutumin da za ta ɗaga wa murya ba ne, a makaranta ko a gida.

"Yaya, ko haruffan kaɗai a ba ni," ta ce da shi wata safiya.

"Zuwaira, kin fi ni sanin yaran nan. Yau ki ba su, gobe ki ga ja a bakin akuya, kore a gindin rijiya. In masu kaya suka zo suka tarar bai cika ba, ni za a tambaya."

Ba mugu ba ne, tsoron kayan hukuma ne ya cika masa ciki. Da wata yarinya mai sharar ofis ta zari katako ɗaya ta ɓoye a hijabi, a gaban kowa ya sa aka zane ta da tsumagiya, ya ɗaga katakon sama ya juya shi gabas da yamma don kowane yaro ya gan shi da kyau. Kuma sun gani.

Zuwaira ba ta zauna jira ba. Ta sa yaranta suka kawo ƙodagon goruba da marafan kwalba da sillen kara, ta ɗebo yumɓu a bakin tafki. Da ƙodago suke ƙirga, da yumɓu suke murza haruffa su shanya a taga. Ajin ya zama mai hayaniya da datti, gaskiya ne, sauran malamai har suna ce mata uwar magina. Amma yaran da ke zuwa da kuka sun koma riga ta zuwa, ita kuma ba abin da take so a duniya kamar ajin nan.

Sai saƙo ya zo cewa Hajiya Amatullah, jami'ar ƙungiyar, za ta zagayo. Malamar da aka ga tana aiki da abin da aka koya mata za a bar mata aji ɗaya. Wadda ba ta yi, a ɗauke ta a kawo wata.

Ana gobe za ta zo Malam Mainasara ya shiga ajin, ya tsaya yana ƙare wa tagogi kallo.

"Baƙi za su taso daga Daura su tarar da aji kamar juji? A kwashe wannan tarkacen."

"Yaya, da su suke karatu."

"Ga na gaske a kabad, gobe zan fito miki da su. Ki rufa mana asiri."

Kafin a tashi an zuba komai a kududdufin bayan makaranta, an share, an yayyafa ruwa. Zuwaira ta koma gida da baƙin ciki kamar ta fashe, ta kuma kai wa uwargidan Yaya cikon miyar da ta nema.

Washegari aka zaunar da yara a tabarma, hannu a wanke tas, aka juye akwatin a tsakiyarsu. Kayan sai sheƙi suke, warin leda na tashi. Hajiya Amatullah mace ce mai fara'a, ta cire takalmi ta zauna a ƙasa cikinsu.

"To 'ya'yana, ku ɗauka ku nuna min abin da kuka iya."

Babu wanda ya motsa. Sun naɗe hannuwa a ƙirji, idanunsu na kaiwa kan katakon suna komawa bakin ƙofa, inda hedimasta ke tsaye yana murmushin da bai kai ciki ba. Hajiya ta miƙa wa wani yaro harafi, ya mayar da hannunsa baya.

"Talatu," in ji Zuwaira, "jera min guda biyar."

Talatu ita ce gwanar ajin, da ƙodago ko a barci ka tashe ta sai ta haɗa maka lissafi. Ta dubi malamarta, ta dubi ƙofa, hawaye ya zubo mata.

Hajiya ta ɗauki katako ɗaya ta jujjuya. Ko ƙwarzane babu. Fara'ar ta ragu.

"Malama, kayan nan hannun yaro bai taɓa hawa kansu ba. Ba a ba ki ba ne, ko ke ce ba ki so?"

Amsar na nan a bakin Zuwaira. Ta dubi Malam Mainasara, ta ga gumi na bin gefen hularsa. In ta faɗi gaskiya, kafin la'asar magana ta isa gida cewa matar ƙani ta tozarta babba a gaban baƙi, Munzali kuma ba zai bar ta ta sake taka ƙofar makaranta ba. In ta ambaci ƙodago da yumɓu, za a ce ina suke, wa ya zubar. Duk inda ta juya maganar, kan Yaya take faɗawa.

"An ba ni, Hajiya," ta ce. "Ni ce ban saba da su ba."

Hajiya Amatullah ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi ba kowa ne ke iyawa da ƙananan yara ba, za a turo wata in an dawo hutu, hedimasta ya duba wa Malama wani ajin. Malam Mainasara ya ce in sha Allahu, ya raka ta mota. Da ya dawo ya leƙo ta taga.

"Allah ya yi miki albarka, Zuwaira. Tattara min su, kada a bar ko ɗaya. Bari in ɗauko makulli."

Ta durƙusa tana zubawa a leda, ba ta ko ganin abin da take ɗauka. Yara suka watse waje, ban da Talatu. Ta matso a hankali, ta ɗora yatsa a kan wani harafi rawaya, ta shafa. Ta jawo shi, ta nemo wani ta ajiye a gefensa. Farkon sunanta take jerawa, kuma daidai take yi.

Takun Malam Mainasara ya taso daga baranda. Hannun Zuwaira ya sauka a bayan hannun yarinyar da ƙarfi kafin ta yi tunani.

"Ajiye."

Talatu ta ajiye. Ba ta yi kuka ba, kallon malamarta kawai ta yi kamar yau ta fara ganinta, sannan ta fita tana murza hannu.